Usta Rafi'u da Bindiga Mai Shaƙuwa

A Nuzla, wata unguwa a Jidda, wajajen shekarar 1968, in rishonka ya fara hayaƙi, ko keken ɗinkin gidanka ya soma cin zare, ko agogon bango ya tsaya cak, ba a tambayar inda za a nufa. Usta Rafi'u ake kai wa. Shagonsa na kwano ne, a kwanar da ke bayan masu gasa tsire, kuma tun daga nesa za ka jiyo shi yana magana. Ba da mutane yake yi ba, da ƙarafa yake. Zai ɗauki risho ya kara a kunne, ya girgiza, ya ce, "Ɗayyib, faɗa mini inda ke maka ciwo."

Kakansa maƙeri ne daga ƙasar Haɗeja. Ya taso aikin hajji a ƙafa, yana yada zango yana ƙira a garuruwan Sudan, da ya sauke farali kuma ya zauna. Uban Rafi'u ya gaji maƙera, yana yin wuƙaƙe da tsinken tsire. Shi Rafi'u a Jidda aka haife shi, bai taɓa ganin Haɗeja ba, amma in gardama ta yi zafi da ita yake kafa hujja. Tun yana saurayi ya bar zuga-zugi, ya ce shi ƙarfe mai hanji yake so, wanda za a buɗe a ga abin da ke ciki. Siriri ne, dogo, ga tabarau ɗaure da zare. Matarsa Barakatu kuwa ta yi biyunsa a faɗi, kuma ita ce ke tuna masa cewa mutum yana cin abinci.

Doka ɗaya gare shi, duk unguwa an san ta. Abin da ya shigo hannunsa, ba mai taɓawa, ko da mai shi ne, sai ya gwada da kansa ya ce halas, wato an gama. Saboda wannan doka, bakin jallabiyarsa duk layin ɗinki ne kala-kala, don a nan yake gwada kekuna. Maƙwabta kuma sun sha shayi har sun gaji, don kowane risho sai ya tafasa buta kafin ya koma gida.

Wata safiya sai ga Saleh, wani dattijo Bahaushen Sudan mai fataucin tumaki, ya tsayar da tsohuwar wanet ɗinsa, motar ɗaukar kaya, a ƙofar shago, ya sauko rungume da wani dogon abu a cikin bargo. Saleh yana da zariba, wato makiyayar da yake tara tumakin da jirgi ke kawo masa, can kudu da gari, inda gidaje suka ƙare. Karnukan daji sun matsa masa, suna ɗauke masa 'yan raguna. Shi ne ya nemi takardar izini, ya sayi bindigar farauta a hannun wani injiniya Bature da ya gama aikinsa zai koma ƙasarsu.

Ya warware bargon a kan teburi ya ce, "Usta, ka ga wannan? Da Baturen ya gwada mini, in ka harba, bugun da take yi baya shi ke tofar da kwanson ya ɗora sabon harsashi. Kai dai ka yi ta jan kunama. To na ajiye ta a zariba wata da watanni, yanzu sau ɗaya take tashi. Kwanson ya tsaya mata a wuya, bai fita ba, bai koma ba. Kafin in zaro shi da wuƙa, karen ya gama cin abinci ya yi hamdala."

Rafi'u ya gyara zaman tabarau. A rayuwarsa bai taɓa riƙe bindiga ba, amma bai ga dalilin da zai sa ya ɗora wa baƙo wannan labari ba. Ya shafa ta kamar mai duba doki.

"Shaƙuwa ce, Ammi Saleh," ya ce. "Mafi mushkila, ba matsala. Ƙarfe dai ƙarfe ne."

Ya rufe shago rabi, ya aika gida aka kawo masa babban farantin Barakatu na baƙi. Ya tabbatar babu harsashi a ciki, sannan ya bi ta a hankali yana kwancewa, yana jera kowane ƙarfe a kan faranti yadda ya fito. A nan ya ga abin da ya gani. Tsohon man da ke ciki ya haɗu da yashi da gishirin iskar teku, ya bushe ya zama kamar ƙanzon tukunya. Ya jiƙa komai a kananzir, ya goge da tsohon buroshi, ya ɗiga man keke kaɗan, ya mayar. Da ya ja ƙarfen da ke tofar da kwanso da hannu sai ya ji yana sulɓi, har da wata 'yar ƙara mai daɗi. Gaskiyar magana, a wannan rana bindigar ta warke. Da ya miƙa wa mai ita, da labarin ya ƙare a nan. To, amma akwai doka.

Da la'asar Saleh ya ɗauke shi zuwa zariba. Suka kafa tsohon gwangwani a kan tudun yashi. Saleh ya miƙa hannu zai karɓa, Rafi'u ya janye.

"Ban ce halas ba. Ka koma bayan mota, can nesa. In wani abu ya faru, gara a rasa mai gyara da a rasa mai kaya."

Saleh ya ji daɗin wannan magana, ya tafi ya laɓe. Daga inda yake ba abin da yake gani sai bayan jallabiya tana kaɗawa. Bai ga yadda Usta ya riƙe bindigar ba. Maimakon ya danna gindinta a kafaɗa, sai ya sa shi sako-sako a ƙarƙashin hammata. Ya juyar da fuska, ya runtse ido, ya karanta abin da ya sawwaƙa, kuma tun kafin yatsansa ya gama jan kunama jikinsa ya riga ya fara tafiya baya. Bindiga ta tashi, ta bi shi, suka yi baya tare kamar masu rawa. Da ya buɗe ido, ga kwanso a maƙale, ya leƙo rabi yana kallonsa. Gwangwani kuwa ko gezau.

"Yaya, Usta?" Saleh ya ɗaga murya.

"Ciwon ya yi nisa," in ji Rafi'u, kunnensa na ƙara. "Amma na ga bakin zaren."

Farko ya ɗora laifin a kan harsasan. Ya ce damshin Jidda ya kama su, ga wasu har sun yi kore. Wannan gaskiya ne. Saleh ya sha wahala ya samo sababbi, aka koma zariba, aka kafa gwangwani, shaƙuwa ta dawo. Sai ya koma kan gidan harsashi, ya ce sifirin ɗin da ke turo su sama ya gaji. Ya zaro shi, ya gwada shi da na agogo, da na kujerar keke, da na tarkon ɓera, ya wanke, ya mayar. Shaƙuwa. Sai ya gano wata 'yar ƙumba ta ƙarfe mai kamo bakin kwanso ta fizgo shi waje. Ya wuni yana kallonta da gilashin masu agogo, ya goge ta har tana ɗaukar ido, bai sami aibinta ba, amma ya yi mata faɗa duk da haka. Ya gwada mai da yawa, ya gwada mai kaɗan, ya gwada babu mai. Kowace tafiya sakamako ɗaya: ƙara ɗaya, taku biyu baya, kwanso a wuya.

Labari ya kai gahawar unguwa, inda maza ke zama kan dogayen kujerun igiya bayan la'asar. Kowa ya zama gwani. Mai gasa tsire ya ce a shafa mata kitsen rago, bai taɓa ganin abin da kitse bai saukar ba. Wani direban babbar mota ya ce zafi ne, kayan Turawa ba sa son zafi, a riƙa lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. Usuman ladan ya ce baki ne, mutane sun cika zancenta. Wani tsoho da ke gyangyaɗi ya farka ya ce, ai bindigar da ta saba da Bature ba ta jin Hausa, Usta ya gwada yi mata Larabci.

Rafi'u ya yi dariya tare da su. Washegari an ji shi a shago yana ce mata, "Yalla, ya binti, esh fiki?"

A gida abin bai zo da dariya ba. Farantin baƙi ya tafi. Kananzir ɗin girki ya tafi. Ƙaramin mazubin man keke ya tafi. Rishunan mutane sun taru a shago har sun kai rufi, matan unguwa sun koma hura gawayi, kuma ba wajen Usta suke kai ƙara ba, wajen Barakatu suke zuwa. Shi kuwa ya rame, ba ya cin abin kirki. In an ajiye masa tuwo sai ya riƙa zana hanjin bindiga da yatsa a cikin miya.

"Abu Zakiya," ta ce masa wata rana, "ka mayar wa bawan Allahn nan kayansa. Ka ce ta fi ƙarfinka. Ba wanda zai mutu."

"Ni zan mutu," ya ce. "Jikan maƙerin Haɗeja, ƙarfe ya kayar da shi a gaban Nuzla? Ummu Zakiya, ki bar maganar nan."

Ana cikin haka 'yarsu Zakiya ta haihu, namiji. Aka shiga shirin suna, ana bukatar rago. Barakatu ta ce ba za ta bar wa mijinta zaɓen rago ba, don mutumin da ke iya bambance sukurori iri arba'in ba ya iya bambance rago da bunsuru. Da Saleh ya zo ɗaukar Usta don gwaji na gaba, sai ya tarar da ita a shirye da mayafinta. Aka shimfiɗa mata tabarma a bayan wanet, motar ta ɗan zauna, aka kama hanya.

A zariba kowa ya kama gabansa. Saleh ya nuna mata garke ya koma maɓoyarsa a bayan mota. Rafi'u ya tafi wajen gwangwaninsa. Barakatu ta shiga cikin tumaki tana taɓa gadon baya, tana buɗe baki tana duba haƙora, har ta sami wani fari mai baƙin kunne wanda ya kwanta mata. Ta ɗaura masa igiya ta jawo shi, ta zagayo ta bayan rumfa.

Nan ta hango mijinta ta baya. Ba ta taɓa ganin gwajin nan ba. Abin da ta gani shi ne mutumin da bai karya kumallo ba, tsaye cikin rana, gwiwoyinsa sun lanƙwashe, kansa ya karkace gefe, idonsa a rufe, leɓensa na motsi, yana tafiya baya-baya zai faɗi. Ta saki igiya.

"Innalillahi! Jiri!"

Ta rugo ta tare shi da hannu biyu, ta dafe kafaɗunsa da dukan ƙarfin da Allah ya ba ta, ta tura shi gaba ya miƙe. Gindin bindiga ya zame ya zauna daram a kafaɗarsa. Bayansa kuma ya gamu da abin da ba ya matsawa.

Bindiga ta tashi. Kwanso ya yi tsalle ya faɗa yashi. Rafi'u, da ya ji an kama shi ta baya ga kuma ƙara ta gaba, sai tsoro ya sa yatsansa ya sake matsewa. Ta sake tashi. Ya sake matsewa. Ta sake tashi. Sai da gidan harsashi ya ƙare sannan aka sami shiru, in ban da kukan tumaki da suka watse ko'ina, da wata ƙara sabuwa, shaaa, daga wajen durom-durom ɗin ruwan dabbobi da ke jere can gefen tudu. Uku daga ciki suna fitsari ta gaba da ta baya.

Saleh ya fito daga bayan mota da gudu, rawaninsa a hannu.

"Ya zol! Ta warke! Wallahi ta warke! Me ka yi mata?"

Rafi'u ya buɗe ido ɗaya. Ya dubi bindiga, ya dubi kwansayen da ke warwatse a ƙasa, ya waiwaya ya ga matarsa har yanzu tana riƙe da shi, tana haki.

"Au, ba suma za ka yi ba?" ta ce.

"Aiki nake yi."

"Haka kake aikin? Kullum haka kake tsayawa?" Ta sake shi ta koma gefe, ta lanƙwasa gwiwa, ta karkata kai, ta runtse ido, ta yi baya-baya. Saleh ya juya yana tari a cikin rawani, ita kuwa ta ci gaba. "Abu Zakiya, ai gudu kake yi ka bar ta. Ko turmi ne, in kana daka yana ja da baya, ina hatsi zai daku?"

Saleh ya ɗaura rawaninsa. Sannan ya ce, a hankali, kamar mai tsoron taka ƙaya, "Usta, yanzu da ta yi magana na tuna. Baturen ya ce a danna ta a kafaɗa sosai, wai da bugun take aiki, in ba ta sami abin da za ta tokara ba, ba ta da ƙarfin tofarwa. Na ɗauka ka sani. Ko in ɗan gwada?"

Rafi'u bai ce halas ba, amma ya miƙa masa. Saleh ya cika ta, ya kafa ƙafa, ya danna ta a kafaɗa, ya harba har ta ƙare. Ko sau ɗaya ba ta shaƙe ba. Gwangwanin dai yana nan inda yake, ba wanda ya taɓa shi, amma wannan wata magana ce.

Usta ya cire tabarau ya goge da bakin jallabiya, ya daɗe yana gogewa. Da ya mayar sai ya yi gyaran murya.

"To, alhamdu lillahi, bincike ya kammala. Abin da nake zargi ke nan tun farko. Bindiga ce mai son majingina. Ammi Saleh, ka kiyaye: a wanke ta da kananzir in ta sha yashi, mai kaɗan, harsashi busasshe, sannan a tsaya mata da kyau. Halas."

"Halas," in ji Saleh, da ladabi.

Sauran yinin ya tafi a tattara tumaki. Rafi'u ya toshe ramukan durom da tsumma da ƙusa, washegari ya dawo da dalma ya liƙe su, kuma Saleh ya ce bai taɓa ganin mutum yana aiki da farin ciki irin na ranar ba, har waƙa yake yi. Ragon Barakatu kuwa sai gab da magariba aka same shi, ya shige ƙarƙashin wanet ya ƙi fitowa, sai da aka tura motar aka bar shi a fili.

A hanyar komawa Rafi'u ya ƙi zama gaba, ya hau baya tare da matarsa da rago. Suka yi nisa. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Ba tsoro ba ne. Kunnena ne ba ya son hayaniya."

"Na sani," ta ce. "Shekara nawa ina ba ka dabino a hannu da azumi, ba na ba ka kofi sai an buga igwar shan ruwa ta wuce? Kofuna nawa ka fasa mini a shekarar farko?"

Ya juyo ya dube ta. "Da gangan kike yi?"

"To da me?"

Ya shafa kan rago. Sannan ya ce kada ta faɗa a unguwa. Ta ce ita ba za ta faɗa ba. Ba ta kuwa faɗa ba. Saleh ne ya faɗa, ranar suna, bayan an ci an ƙoshi, har da tashi tsaye yana kwaikwayo. Aka yi dariya har ladan ya ƙware. Rafi'u ya bari suka gama, sannan ya tambaye su, a cikinsu wa ya taɓa kwance bindiga ya mayar ba a sami ragowar sukuri ko ɗaya ba? Ba wanda ya amsa. Ya ce to a zuba masa shayi.

Karnukan fa? Saleh ya yi ta harbi har harsasansa suka ƙare, bai taɓa samun ko wutsiya ba. Karnukan ma sun gane, in ya fito da bindiga sai su zauna su jira ya gama. Daga ƙarshe Rafi'u ne ya raba gardamar. Ya bi bola da gidajen da ake rushewa ya tattaro tsofaffin gadajen ƙarfe, ya ɗaure su da waya, ya kewaye zaribar da su. Shinge ne mai ban dariya, wani gadon har da furannin ƙarfe a kansa, amma daga ranar ba a sake ɗaukar ɗan rago ba. Sauran masu tumaki suka riƙa zuwa kallo, har tsohon gado ya yi wuyar samu a kudancin Jidda.

Bai sake karɓar bindiga ba. Wata rana da hantsi ya hango wani askari ya nufo shagon da bindiga rataye a kafaɗa. Kafin ya iso, Usta ya ja ƙofa ya sa kwaɗo, ya bi ta lungu ya shige gida, ya ce wa Barakatu in an zo nemansa ya tafi Makka. Askarin ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan. Ya yi sallama, Barakatu ta leƙo ta bayan labule ta isar da saƙo. Askarin ya ce ai kuwa ga takalman Usta a bakin ƙofa. Sannan ya zaro wata 'yar tocila daga aljihu, ya ce ba ta kamawa sai an buga ta a gwiwa, ko za a duba masa?

Rafi'u ya fito yana gyara hula, ya ce yanzun nan ya dawo. Ya kara tocilar a kunne, ya girgiza, ya buɗe gindinta ya kankare tsatsa da bakin wuƙa. Ya kunna ta a fuskar askarin, ya kashe, ya sake kunnawa.

Daga baya, da gari ya cika da firiji da injin wanki, ya koma Waziriyya ya buɗe shago mai ƙofa biyu tare da mijin Zakiya. A nan ya yi aiki har idonsa ya gaza. Ko a lokacin ba ya zama gida. Sai a kai shi shago a ajiye masa kujera kusa da ƙofa, in an kawo inji a kunna masa ya saurara, ya faɗi inda za a buɗe. Yawanci yana dacewa. In bai dace ba, sai ya ce hayaniyar titi ce ta yi yawa, a kashe rediyo a sake kunna masa.